Yadda Kirista zai bi dokar Allah a zamanin nan ba tare da ya yi wasa da alheri ba

Magana ɗaya da ta haɗa kan kowa a Katsina yanzu ita ce duniya ta lalace. Ka zauna teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura za ka ji ta, ka shiga napep za ka ji ta, liman ya faɗa ranar Juma'a fasto ya maimaita ranar Lahadi. Kuma ba ƙarya ake ba. Yaro ɗan shekara sha biyar zai zare maka wuƙa saboda waya, ƙauraye sun hana wasu unguwanni sakat, tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin amma shaye-shaye bai tafi ko'ina ba sai dai ya canza kwalba. A Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, kuma abin da ya fi ci mani rai a duk wannan masifa ta 'yan bindiga shi ne infoma, mutumin da kuke gaisawa kullum shi ne zai buga waya ya ce wane ya saida shanu jiya.

To amma bayan mun gama jajen, ranar Litinin mi za ka yi kai? A cocinmu amsa biyu na fi ji kuma duka biyun ba su kai mutum ko'ina. Akwai masu bulala, su kullum wa'azinsu wuta ne da ɗankwali da tsawon siket, mutum ya fito sujada jikinshi ya yi sanyi ya ji shi kam ba mai shiga sama ba ne. Akwai kuma 'yan "ai muna ƙarƙashin alheri", da ka ce masu abu kaza ba daidai ba ne sai su ce kar ka shari'anta ni, Yesu ya riga ya biya. Wannan rubutun na ɗan'uwa ne ko 'yar'uwa da ya gaji da duka biyun, yana so ya san ta ina ake kamawa.

Fara da gyara jerin abin a kanka, don nan ne mafi yawanmu muka karkace. Buɗe Fitowa sura 20 ka duba abin da ya zo kafin doka ta farko. Allah bai ce wa Isra'ilawa ku kiyaye waɗannan goma in kun ci jarabawa zan fidda ku daga Masar ba. Sai da ya fidda su tukuna, suka haye teku, suka ci manna, sannan a gindin Dutsen Sina'i ya ce ni ne Ubangiji Allahnku da na fisshe ku daga gidan bauta, ga yadda za ku zauna. Ceto ne ya riga, doka ta biyo baya. Bulus ma haka ya jera a Afisawa 2, aya 8 da 9 kowa ya haddace su, ta wurin alheri aka cece ku ba ta ayyuka ba, amma mutane da yawa nan suke rufe littafin ba su kai aya 10 ba inda ya ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. A Titus 2 kau cewa ya yi alherin nan da kanshi shi ne ke koya mamu mu ƙi rashin tsoron Allah da sha'awace-sha'awacen duniya. Wanda ya ce alheri ya ba shi lasisi, Romawa 6 ta riga ta amsa mashi tun aya ta 2 da a'a mai ƙarfi.

Ka taɓa lura da ɗan gida da ɗan ƙwadago a gona ɗaya? Duka biyun sun duƙa, fartanya iri ɗaya, kunya ɗaya suke bi. Ɗan ƙwadago idonshi na kan rana da aljihun mai gona, in mai gona ya juya baya sai ya rufe ciyawa da ƙasa ya wuce, in ya yi ɓarna kuma gabanshi na faɗuwa kar a kore shi. Ɗan gida ba don a kira shi ɗa yake noma ba, ya riga ya zama ɗa, gonar ta ubanshi ce shi ya sa yake cire ciyawar har saiwa ko ba mai kallo. To ka tambayi kanka wanne ne kai a gaban Allah. Alamar mai sauƙi ce, in ka yi zunubi gudu kake daga addu'a har sai ka ji ka ɗan tara kirki sannan ka dawo, ko kau nan take kake komawa wurin Uba da kunyarka? In ka yi abin kirki kuma kana jin Allah ya ci bashinka? In amsar ta nuna ɗan ƙwadago ne kai, kar ka fara da jerin dokoki, ka fara da zama da fasto ko wani dattijo da ka yarda da shi ku koma kan bishara daga tushe. Biyayyar da aka gina kan tsoron kora ba ta daɗewa, ko ta gajiyar da kai ko ta maida kai Bafarisiyen Luka 18 mai gode wa Allah don bai zama kamar sauran mutane ba.

Sai kuma ka san dokar ita kanta. Wannan kamar wasa ne amma gwada a gida yau da dare, ka ce kowa ya kawo Dokoki Goma da ka, za ka sha mamaki, har mu manya a ta shida ko ta bakwai muke fara kame-kame. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da su Dokta Miller ɗan mishan na Zariya suka sha wahala a kai, yanzu kuma ga shi a waya kyauta har da mai karanta maka da murya in karatun na ba ka wuya, to ba mu da uzuri. Shawarata ka ɗauki Fitowa 20 ka haɗa da Matiyu sura 5 zuwa 7, domin a nan Yesu ya ɗauki dokokin ya shigar da su cikin zuciya, kisa ya fara daga fushi da zagi, zina ta fara daga kallo. Doka ɗaya a sati ta isa, kar ka yi gaggawa. Ka karanta, ka tambayi kanka mi ta hana, mi take so in yi a madadin haka, kuma a wane wuri cikin satin nan zan ci karo da ita. Tambayar ƙarshen nan ita ce mai aikin, in ba ka sa mata sunan wuri da sunan mutum ba to karatu kawai ka yi.

A nan ne kuma za ka rarrabe dokar Allah da al'adar coci. Hadayun dabbobi sun ƙare a kan gicciye, Ibraniyawa 10 ta yi bayani. Kaciya ba sharaɗin ceto ba ce, manzanni sun zauna a Urushalima sun yanke wannan a Ayyukan Manzanni 15. Kalar yunifom ɗin zumuntar mata da wane benci maza ke zama, waɗannan tsari ne na mutane, suna da amfaninsu amma kar a ɗaure wa yarinya su a wuya kamar da su za ta shiga mulkin sama. Sai dai 'yancin ma yana da linzami. Markus 7 ta nuna abinci ba ya ƙazantar da mutum, gaskiya ne, amma kai da kake haya a tsakiyar maƙwabta Musulmi kuna ɗiban ruwa a famfo ɗaya, ba hikima ba ce ka ce sai ka dafa abin da ka san zai sa su daina karɓar tuwon gidanka har abada. Karanta Romawa 14 da 1 Korantiyawa 8 ka ga yadda Bulus ya yarda ya bar nama ɗungurungum in zai sa wani tuntuɓe.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato kuɗi da ma'auni, domin a ganina nan ne lalacewar da muke kuka da ita ta fi samun wurin kwana a gidajenmu, kuma nan ne wa'azi ya fi tsallakewa.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar ƙauye ya san tiya biyu. Akwai wadda ake saye da ita daga hannun manomi, an buɗe mata baki an ɗan bubbuga gindinta waje ta ƙara ciki, a cika ta a yi mata tozo har da tallafa hannu a gefe. Akwai kuma wadda ake sayarwa da ita, ita an buga gindin ya shige ciki, ido ba zai gane ba sai ka je gida ka sake awo ka ga tiya goma ta koma tara da ɗan wani abu. Buhun masara a sa mai kyau a baki, ƙasa duk ɓawo da tsakuwa. Manja a sirka, zuma a sirka da sukari, taki a haɗa da yashi. Allah ya san wannan sana'ar tun kafin a kafa Katsina. Littafin Firistoci 19 ya ce ma'auninku ya zama na gaskiya, Maimaitawar Shari'a 25 ta ce kar a samu ma'auni iri biyu a jakarka, babba da ƙarami, Karin Magana 11 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji, annabi Amos kuma a sura 8 ya kwatanta 'yan kasuwar da suka ƙosa Asabar ta wuce su koma su rage mudu su ƙara farashi har su saida dusar alkama. To abin yi a nan ba ya buƙatar azumi da addu'ar kwana uku. Ka ɗauko tiyar taka ka gwada ta da ta wanda kowa ya shaida a kasuwa, in ta gaza ka fasa ta, kar ka ba wani ma. Da wadda ka saya da ita za ka sayar. In kayan na da aibi ka faɗa da bakinka kafin mai saye ya gano, ka rage mashi kuɗi.

Kar ma'aikaci ya ce wannan ta 'yan kasuwa ce. Tiyarka kai ita ce rajistar zuwa aiki da kake sa hannu ƙarfe takwas alhali sha ɗaya ka shigo, da fayil ɗin tsohon da ke bin haƙƙinshi na fansho da ka danne a durowa sai ya kawo na goro. Malamin makaranta tiyarshi maki ne, da kuɗin da ake tarawa lokacin WAEC da NECO don a buɗe wa yara amsa, kuma iyaye Kirista na cikin masu biya, har a zo coci a ba da shaida yaro ya ci kiredit tara. Mai POS ya tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, yadda aka riƙa saida wa mutane kuɗinsu da tsada don an ga sun matsu, mai jinya a asibiti na roƙo ana ce mashi in bai iya ba ya matsa. Lokacin da sojoji da masu karɓar haraji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma mi za su yi, a Luka 3, bai ce su bar aiki ba, cewa ya yi kar ku karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, kar ku yi ƙwace, albashinku ya ishe ku.

Haƙƙin ɗan ƙwadago kuma a biya shi ranar. Littafin Firistoci 19:13 cewa ya yi kar ladan ma'aikaci ya kwana a hannunka, Yakubu 5 ta ce kuɗin masu girbin da aka danne yana kuka har Ubangiji ya ji. Mutum ya yini yana maka huɗa ko ya ɗora maka bulo, da yamma ka ce ya dawo jibi alhali kuɗin na aljihunka, shi kau da wannan kuɗin za a ɗora tukunya a gidanshi. Haka yarinyar da ke maku aiki a gida da aka ɗauko daga ƙauye, a san nawa ne haƙƙinta a kuma sa ta makaranta kamar yadda aka yi wa iyayenta alkawari. Bashi ma haka, in lokaci ya yi ba ka da shi, kai za ka je da ƙafarka ka ce ban samu ba ga abin da zan iya, ba wai ka ga kiran mutum ka kife waya ba. 'Yan adashe kun san kanku, wadda ta kwashe ɗauka ta farko sai zubi ya gagare ta.

Rantsuwa kuma a rage ta har a daina. Mun saba, wallahi tallahi ko na rantse da Littafi ban ci riba ba, alhali an ci. Yesu ya ce i ɗinku ya tsaya i, a'a kuma a'a. Da farko masu saye za su ga kamar ba ka iya ciniki ba, amma kasuwa ba ta mantuwa, a hankali za a san farashinka ɗaya ne.

To in ka duba ka ga ka riga ka ci na mutane fa? Nan ne za a gane ko alheri ya shige ka da gaske. Zakka mai karɓar haraji a Luka 19, Yesu ne ya fara shiga gidanshi tun bai gyara komai ba, wannan shi ne alherin, shi kuma da kanshi ya miƙe ya ce rabin dukiyata na matalauta ne, wanda na zalunta zan maida mashi ninki huɗu. Ba wanda ya tilasta shi. Ka samu takarda ka rubuta sunaye da adadi iya abin da ka tuna. Fara da wanda ya fi talauci a cikinsu ba wanda ya fi ƙarfin faɗa ba. In kuɗin ya fi ƙarfinka ka je ka faɗi gaskiya ku yanka yadda za ka riƙa biya duk wata. In mutumin ya rasu akwai magada. In mutane ne barkatai da ba za ka iya ganowa ba kamar masu sayen awo, ka ƙiyasta ka fidda shi ga gwauraye da marayun unguwar da ka yi cinikin. In kuma lamarin zai iya kai ka hannun hukuma ko ya tada fitina, kar ka tafi kai kaɗai, nemi dattijo mai hankali da rufin asiri ya raka ka. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka zuba kuɗin a baiko ka ce an wuce wurin, Matiyu 5 ta ce ka bar baikon a gaban bagadi ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna.

Waya ba zan daɗe a kanta ba don kowa ya san nashi. Doka ta tara ta hana shaidar zur, kuma tura saƙon da ba ka tabbatar ba a guruf ɗin WhatsApp shaida ce ka bayar. A gari irin namu hoton ƙarya ɗaya da aka ce an ƙona coci ko an ƙona masallaci zai iya jawo asarar rai kafin magariba. In ba ka san asalinshi ba ya mutu a wayarka. Cacar ƙwallo, da bidiyon da kake kallo bayan kowa ya yi barci, Yesu ya ce in hannunka na sa ka tuntuɓe ka yanke shi, ba wuƙa yake nufi ba, amma goge manhaja da barin waya a falo da dare ai bai kai yanke hannu zafi ba.

Ranar hutu ma a taɓa ta kaɗan. Wasu manyan kasuwanninmu kamar ta Mai'adua ranar Lahadi suke ci, kuma ɗan'uwan da abincinshi ke can ba za a hau shi da faɗa kawai ba, sai a gaya mashi yadda zai yi. Yesu ya ce an yi Asabar domin mutum. Amma mutumin da shekara ta zagayo bai zauna cikin jama'ar Allah ba, bai huta ba bai bar yaran shagonshi sun huta ba, ya sani cewa kuɗi ne ke mulkinshi. A nemi sujadar asuba ko ta yamma, a yi karɓa-karɓa da abokin sana'a, hanya ba ta ɓata ga mai nema.

A gida kuma, Maimaitawar Shari'a 6 ta ce ka riƙa koya wa ɗiyanka kana zaune kana tafiya kana kwanciya kana tashi, wato ba aikin malamin Sande sukul ba ne na awa ɗaya a sati. Minti goma bayan tuwon dare ya isa, aya ɗaya, waƙa ɗaya, kowa ya faɗi abin da za a yi mashi addu'a. Amma ka sani yara sun fi koyon abin da suka gani. In mai bin ka bashi ya yi sallama ka ce wa yaro je ka ce ba na nan, ka rushe darasin wata guda a minti ɗaya. Kuma iyaye mu koyi tambaya. Ɗiyarka ba ta aiki ta shigo da waya ta dubu ɗari uku, ɗanka ba sana'a yana canza takalmi duk sati har yana ba ka na cefane, ka tambaya daga ina, in amsar ba ta zauna ba kar ka karɓa. Yawancin yaran da suka zama abin tsoro a unguwa akwai ranar da suka fara kawo abu gida aka sa masu albarka maimakon tambaya. Coci ma haka, mai kuɗin da ba a san sana'arshi ba kar a mayar da shi shugaban kwamitin gini don ya ba da siminti. Sai dai a yi horon da hannu biyu, Afisawa 6:4 ta gargaɗi ubanni kar su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, yaron da bai taɓa jin ubanshi ya ce yi haƙuri na yi kuskure ba zai yi wuya ya gane mi ake nufi da tuba.

Za ka faɗi, wannan ba shakka. Abin da za ka yi ranar shi ne kar ka jira sai ka ji ka cancanta. 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne zai gafarta. Ka kira abin da sunanshi, ba "Ubangiji ka gafarta mana kurakuranmu" ba, ka ce na yi ƙarya ga wane, na ci kuɗin kaza. Dauda sarki ne guda, ya yi zina ya sa aka kashe Uriya, da annabi Natan ya tsare shi bai kawo hujja ba, ka karanta Zabura 51 ka ji yadda mai tuba ke magana, har roƙo yake a halitta mashi sabuwar zuciya don ya san tsohuwar ba za ta iya ba. Wannan shi ne alkawarin Ezekiyel 36, Allah zai sa Ruhunsa a cikinmu ya sa mu bi ƙa'idodinsa, ƙarfin ba daga cije baki yake zuwa ba. Sannan ka samu mutum ɗaya, namiji ga namiji mace ga mace, wanda ka ba izini ya tambaye ka kai tsaye duk sati kuma ba zai kai ka bakin duniya ba. Zunubin da ba wanda ya sani sai kai ya fi kowane wuyar bari.

In ɗan'uwa ne ya faɗi, Matiyu 18 ta shimfiɗa hanya, kai da shi ku biyu tukuna, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe ikilisiya. Mu kan juya abin, sai duk zumunta ta ji a sunan "mu sa shi a addu'a" kafin shi mai laifin ya ji daga bakin kowa. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da shi da tawali'u kana lura da kanka. Kuma horon coci ya zama tiya ɗaya ga kowa. Abin da na ga yana korar matasa shi ne yarinya ta yi ciki a tsaida ta gaban jama'a a hana ta Jibin Ubangiji, wanda ya yi mata cikin yana nan yana kaɗa ganga a kwaya, mai kuɗin da ya danne gonar marayu kuma yana benci na gaba. Yakubu 2 ta kira wannan nuna bambanci, ta ce zunubi ne. Laifi tudu ne, in dattawa za su hau na yarinya su fara sauka daga nasu.

Game da gari baki ɗaya, ni ban yarda da masu cewa da can komai lafiya lau ba ne. Mai Hadishi 7:10 ma ya hana tambayar mi ya sa kwanakin baya suka fi na yanzu. Zamanin kakanninmu an yi farautar bayi an saida mutum a kasuwa, kowane zamani da irin ɓarnarshi, Littafin Mahukunta ya rufe da cewa kowa na yin abin da ya ga dama tun dubban shekaru. 'Yan sanda da Hisba da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suna iya kama hannu, kuma ana buƙatarsu, zuciya ce ba su da makullinta. Mu kuma da muke 'yan kaɗan a jihar nan ba mu da yawan da za mu canza doka, abin da muke da shi shi ne a san mu da wani hali. Bishara ba da lasifika ta fara kama ƙasar Katsina ba, a shekarun 1930 'yan mishan na SIM sun karɓi aikin kutare a Babbar Ruga suna wanke gyambon da dangi ke gudu, mutane suka gani da ido. Yau ga ECWA ga Angilikan ga Baptis, ga Katolika da aka ba Katsina dayosis nata a 2023 da Bishop Gerald Mamman Musa ɗan Malumfashi, amma maƙwabcinka Alhaji ba zai karanta tarihin nan ba, kai zai karanta, ko kana maida canjin da aka yi maka kuskure, ko kana zuwa gaisuwar mutuwa da barkar suna, ko za a iya barin maka makullin shago a tafi masallaci. Irmiya 29:7 ta ce wa bayin da ke Babila su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki su yi mashi addu'a, balle mu da nan aka binne cibiyarmu. Wanda 'yan bindiga suka kashe wa ɗa ko suka karɓe wa kuɗin fansa, ba zan yi mashi wa'azin gafara daga nesa kamar abu ne mai sauƙi ba, Romawa 12 ta ce a bar wa Allah ramako, kuma neman hukuma ta yi adalci bai saɓa wa wannan ba, abin da aka hana shi ne ka huce a kan Bafulatanin da ya zo saida nono bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abu na ƙarshe na dattawan coci ne da zumuntar mata da ta maza. Wanda ya fasa ƙaramar tiya ribarshi za ta ragu a watannin farko, wadda ta rabu da mutumin da ke biya mata haya za ta rasa wurin kwana, yaron da ya bar saida ƙwaya ba shi da ko sisi ranar da ya bari. Afisawa 4:28 ta ce ɓarawo ya daina sata ya kama aiki da hannunshi, to wani ne zai koya mashi aikin. Kafin a sayi sabon jenareto ko a canza kujeru, a ware wani abu daga baiko don irin waɗannan, a haɗa yaron da mai walda ko tela ko mai gyaran waya a cikin 'yan'uwa, a biya wa matar hayar wata shida, a sa mutum biyu su riƙa leƙa su duk sati suna rubuta abin da aka kashe.